Sunayen da Suka Ɓace Ranar Alhamis

A wajen sunan ɗan 'yata Falmata na ji maganar da ta zaunar da ni rubuta wannan babi. Ina zaure tare da baƙi, ita tana tsakar gida tana yi wa dangin mijinta bayanin wane ne wane a danginmu, sai wata ta tambayi dalilin da ya sa ƙanina Bukar ya bar Maiduguri. Falmata ta amsa ba da mugunta ba, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani, cewa Baba Bukar ne ya taɓa goge wa Baba wani babban aiki, kunya ta sa ya koma Kano. Na san ba ita ta ƙirƙiro ba, a gidan nan ta ji, kuma dukanku haka kuka ji. Lokacin da abin ya faru wasunku suna makarantar kwana, wasu sun yi aure, abin da ya iso muku shi ne abin da manya suka yarda ya iso. To, ba haka aka yi ba.

Shekarar da garin nan ya daɗe babu wutar lantarki ce. Na riga na bar koyar da kwamfuta, na kama ɗaki biyu a Galtimari, na ɗora sola a rufi, ni da Bukar muna gina wa makarantu da shagunan magani da ƙungiyoyi shafukan intanet. Rubuta shafi bai taɓa zame mana wahala ba. Wahalar ita ce ɗora shi a kan saba, wato babbar kwamfutar nan da ke can wata ƙasa, wadda shafin ke zaune a kanta mutane su buɗe shi daga ko'ina. Sai ka fara turawa, ka kai rabi, sabis ya ɗauke, shafin ya tsaya rabi sabo rabi tsoho, mai shi yana ta kiranka kai kuma kana tsaye a bakin titi kana ɗaga waya sama. Duk mai irin sana'armu a garin nan ya san wannan azabar. Shi ya sa na zauna na rubuta wata 'yar manhaja da za ta ɗauke mana ita. Umarni ɗaya za ka ba ta, ta duba abin da ya canja ta tura shi kaɗai, in sabis ya yanke ta jira, ya dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kafin ta taɓa komai kuma sai ta kwafo dukan bayanan da ke kan shafin ta sauke su a kwamfutarka, don in wani abu ya lalace a mayar. Wannan kwafin muke kira ajiya. Bukar ne ya raɗa mata suna Ɗan Dako, domin mun tashi muna ganin 'yan dako suna sauke kwalayen banda a Kasuwar Kifi ta Baga Road, inda mahaifinmu yake da rumfa.

Kyauta na raba ta ga duk mai so, ba a daɗe ba kusan duk masu gina shafi a garin nan suka koma kanta. Suna zuwa ofis su ce Malam kaza, Malam kaza, ni kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Bukar na girme shi da shekara goma. Ni na koya masa aikin, amma ya fi ni haƙuri, ya kuma fi ni iya zama da mutane. Shi ya sa da wata ƙungiyar mata ta zo mana da aikinta, shi na ba. Shugabarsu Hajja Kaltume, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ke zaune a Fezzan kusa da mu. Abin da suke so shi ne shafin da za a riƙa rubuta mutanen da suka ɓace a shekarun tashin hankali, waɗanda aka rabu da su wajen gudu ba a san ko suna raye ba. Bukar bai tsaya ga gina shafin ba. Yakan ɗauki kwamfutarsa ya bi matan unguwa-unguwa, ya zauna a tabarma, tsohuwa ta yi ta ba shi labari da Kanuri ko Larabcin Shuwa yana rubutawa: sunan yaro, tabon da ke goshinsa, ƙauyen da aka gan shi na ƙarshe, lambar wanda za a kira. Wanda yake da hoto ya ɗauka da waya ya ɗora. Akwai waɗanda aka gano ta wannan hanyar, na ga uwa ta zo ofishinmu da ɗiyarta don kawai su gaishe shi.

Hotunan nan su suka sa ajiyar ta yi nauyi. Ba Bukar ne ya yi ƙorafi ba, sauran masu amfani da Ɗan Dako ne. Sun fara cewa tana cinye musu data, tana zaunar da su awa guda kafin ta fara aiki, har wani ya ce mini ya ga wata manhajar waje da ta fi tawa sauri. Maganar ta tsaya mini a rai. Wata ranar da safe na buɗe ta na ƙara layi huɗu, na ce in ta ga sabis ba shi da ƙarfi ta tsallake ajiya ta wuce kai tsaye. Na yi niyyar ƙara layi na biyar da zai sa ta gaya wa mai aiki cewa ta tsallake. Aka yi mini baƙo, na tashi, da na dawo na shiga wani abu. Haka na raba ta. Ta ci gaba da rubuta wa kowa "An gama lafiya" a ƙarshen kowane aiki, mutane suka yaba da saurinta. Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne, a shekarar nan babu ranar da sabis yake da ƙarfi a Maiduguri. Tun daga ranar ba ta sake yi wa kowa ajiya ba.

Wata biyar bayan haka, ranar wata Alhamis da hantsi, Bukar ya zo ƙara wa shafin ƙungiyar gurbin sunan mahaifiya, domin ya lura yara da yawa sun fi riƙe sunan uwa fiye da na ƙauye. Irin wannan gyara yana bukatar a kwashe bayanan a sake jera su. Ana tsakiyar jerawar sabis ya ɗauke, da ya dawo manhajar ta ci gaba, amma abin da ta jera wofi ne. Ina ɗaya ɗakin na ji ya ce shafin ya fito babu kowa a ciki, bari ya mayar da ajiya. Muryarsa ba ta nuna damuwa ba, don wannan ne amfanin ajiyar. Can sai ya kira ni.

"Ya Modu, zo ka gani."

Kafin in kai ƙofar na riga na sani. Ya nuna mini ranar da ke jikin ajiya ta ƙarshe, wata biyar cif. Duk sunan da ya rubuta a tsakanin, duk hoton da ya ɗora, babu. Na tsaya a bayansa hannuna a kan kujerarsa, abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ko kai ne ka kashe ajiyar a naka ɓangaren ka manta?"

Ya juyo ya dube ni. Ya ce zai duba. Wannan tambayar tawa ita ce asalin duk abin da ya biyo baya, kuma na san amsarta lokacin da nake yin ta.

Mun yi ta neman mafita har azahar. Masu sabar suka amsa mana cewa tsarin da muka zaɓa ba ya haɗa da ajiya a wurinsu, kuma gaskiyarsu ne, ni na zaɓe shi don na dogara da tawa. Wayar Bukar kuwa yakan share hotunan da ya ɗora, saboda ba ya so sirrin mutane ya yi ta yawo a aljihunsa. Da ya fita masallaci na ce ya yi gaba zan biyo shi. Na buɗe tarihin manhajar, inda duk wani canji ke rubuce da sunan wanda ya yi shi. Ga layukan nan huɗu, ga sunana a gefensu. Na cire su, na tura wa kowa sabon zubi da saƙon cewa ɗan gyara ne. Sannan na rubuta umarnin da zai share wannan wurin daga tarihin, na sa yatsa a kan maɓallin na daɗe. Ban danna ba, amma kada ku ɗauka kirki ne ya hana ni. Tsoro nake kada ya zama Bukar yana da kwafin tarihin a tasa kwamfutar, ya ga an taɓa.

Ranar Asabar da safe Hajja Kaltume ta tara mu a gidanta. Matan ƙungiyar suna zaune a tabarmi a inuwar dogon yaro, da wasu daga cikin masu neman 'yan uwansu da labari ya kai musu. Bukar ya yi bayani a tsaye, da Hausa sannan da Kanuri. Babu wanda ya ɗaga murya, da sun yi ihu da ya fi mini sauƙi. Wani dillalin shanu mai suna Aisami, wanda a da makiyayi ne kafin gudu ya kawo shi gari, ya tambaya a hankali ko bayanin da mahaifiyarsa ta bayar yana cikin waɗanda suka tafi. Ita ce ta san jikokinta uku, 'ya'yan ƙanwarsa, ta san tabon kowannensu, kuma ta rasu wata biyu da suka wuce. Shi yana daji da shanu lokacin da aka haife su, ko a hanya ya gan su ba zai gane su ba. Bukar ya ce yana ciki. Aisami ya gyaɗa kai, ya sa takalmansa, bai tafi ba, ya koma ya zauna.

Hajja Kaltume ta ce ba wanda za ta hukunta take nema ba, so take ta san abin da za ta gaya wa mutanen da suka amince mata. Ta tambayi yadda aka yi ajiya ta tsaya wata biyar ba a sani ba. Bukar ya ce:

"Ni na danna, Hajja. A hannuna ya faru."

Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, haka ne?"

Na ce muna kan bincike. Iyakar abin da na ce ke nan. Ta yanke cewa daga ranar kada Bukar ya sake taɓa shafin, Malam da kansa ya riƙe. Matan suka yi na'am, wata ma ta yi mini addu'a.

A gida ɗaya muke a lokacin, ni da iyalina, Bukar da nasa, da kakarku Hajja Fanna a ɗakin tsakiya. Kafin la'asar labari ya cika unguwa. Kakarku ta kira Bukar ta yi masa faɗa da Kanuri, ƙofa a buɗe, ta ce yayansa ya ɗauke shi ya koya masa sana'a shi kuma ya zubar masa da mutunci a gaban mata. Matarsa ta daina fitowa tsakar gida sai in za ta ɗebi ruwa. Mu kuwa muka ci gaba da cin abinci a tire ɗaya kamar yadda muka saba tun muna yara, yana tura mini ɓangaren kifin da ya san na fi so. Kullum da safe mu tafi ofis a mota ɗaya, ya zauna yana gyaran shafin wata makaranta, ni ina ɗaya ɗakin ina amsa kiran matan ƙungiyar da ke cewa ina ma da ni aka fara tun farko.

Mahaifiyarku ce ta fara ganewa. Ranar Laraba da safe tana tankaɗe gari a bayan ɗaki ta ce mini ta zauna da ni shekara talatin, ta san yadda nake in an ɓata mini rai, ta kuma san yadda nake in ni na ɓata, wannan na biyun ne. Na gaya mata komai a tsaye. Ba ta ajiye rariyar ba. Ta ce ita ba ta san layi huɗu ko biyar ba, abin da ta sani shi ne matar Bukar ba ta ci abincin kirki ba tun Asabar, kuma ita Yagana ba za ta iya ci gaba da haɗa ido da ita a bakin rijiya ba. Ta ce in ban faɗa ba ita ba za ta tona ni ba, amma kada in sa ran za ta manta.

Daga nan na shiga wurin kakarku, ina tsammanin za ta tura ni in je in faɗa. Ta saurare ni har na gama, ta sa na rufe ƙofa.

"Wa ya sani bayan Yagana?"

Na ce babu.

"To ya tsaya nan. Bukar yaro ne, za a yi magana a manta. Kai ne babba. In sunanka ya faɗi, gidan nan duka ya faɗi, har shi."

Ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba. Mace ce da ta ga gidaje da yawa sun watse a shekarun nan, ta kuma san ofishin nan shi ke ciyar da mutum goma sha wani abu. Kuma maganarta ta yi mini daɗi, wannan ma sai na faɗa muku. Na fito daga ɗakinta da izinin yin abin da dama nake so in yi. Na ƙara kwana biyu a kan haka.

Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci a ƙafa, rana tana dukanmu, na tsayar da Bukar a gindin wata bishiya kafin mu shiga layinmu. Ban shirya kalmomin ba. Na ce masa ba shi ba ne, ni ne na sa manhajar ta riƙa tsallake ajiya, kuma tun ranar Alhamis ɗin na sani. Ina jira ya fusata. Ya naɗe dardumarsa ya sa a hammata.

"Na sani, Ya Modu. Tun kafin azahar na buɗe tarihin, lokacin da kake waya da masu saba."

Na tambaye shi me ya sa to ya ce shi ne a gaban Hajja Kaltume.

"Ban ce ni na cire ajiya ba. Na ce ni na danna. Na faɗi nawa ne don ka samu inda za ka fara naka. Na tsaya ina jiranka."

Ya ce layukan ba su dame shi ba, duk mai wannan aikin yana kuskure, shi ma ya sha yi. Abin da ya kasa ajiyewa shi ne ya juya ya ga yayansa ya dube shi a gaban Aisami ya ce ana kan bincike. Ya faɗi haka ba tare da ya ɗaga murya ba, ya wuce gida ya bar ni a wurin.

Washegari na tafi gidan Hajja Kaltume ni kaɗai, na roƙe ta ta sake tara mutanen da ta tara. Kakarku ta aiko a kira ni ina bakin ƙofa, ban koma ba. Na tsaya inda Bukar ya tsaya na faɗi abin da na yi, da tambayar da na yi masa, da shirun da na yi waccan Asabar ɗin. Hajja Kaltume ta ce kuskuren za ta iya fahimta, amma ta tambaye ni kai tsaye a gaban jama'a na ba ta amsar da na san ba ita ba ce, don haka ba za ta sake ba ni amanar sunan kowa ba. Da na koma ofis na rubuta wa duk masu amfani da Ɗan Dako cewa wata biyar shafukansu suna tafiya babu ajiya, kuma ɗan gyaran da na ce na tura musu ɓoye laifi ne. Wasu sun kira sun zage ni, wasu ba su ce komai ba suka koma manhajar waje. Makarantu biyu suka karɓe aikinsu. Kafin shekara ta ƙare na saki ɗaki ɗaya daga cikin biyun. Kakarku ta yi mako uku ba ta amsa gaisuwata ba.

Ƙungiyar ta mayar wa Bukar aikin. Ya sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ni ina tuƙa shi ina jira a mota, don Hajja Kaltume ta ce kada in shiga. Wata huɗu muka yi a haka, magana tsakaninmu ba ta wuce ta hanya da mai. An samo mafi yawa. Wasu sun koma garuruwansu lambobinsu ba sa shiga, wasu sun ce sun gaji da ba da labarin ba za su sake ba. Na Aisami an rubuta sunaye uku kawai, babu tabo babu kama, kuma har yau ban ji an gano su ba. Ranar da Bukar ya shigar da na ƙarshe ya miƙa wa ƙungiyar lambobin sirrin shafin, ya gaya mini ya samu aiki a Kano. Na ce ya zauna, ofishin ya koma sunansa. Ya ce ba fushi yake ba, amma ba zai iya zama a ɗakin da ke kusa da nawa yana jiran ranar da wani abu zai sake lalacewa ba.

Kakarku ta hana a sake tayar da maganar a gida. Dangin da suka ji labarin farko ba wanda ya je ya gyara musu, ita ma in an tambaye ta na farkon take bayarwa. Na ce ina girmama ta ne na yi shiru. Ta rasu, na ci gaba da shirun, babu kuma wanda zan ce ina girmamawa.

Kafin in ba ku wannan babin na kira Bukar na karanta masa shi a waya daga farko har ƙarshe. Bai katse ni ba, ina jin hayaniyar jikokinsa a bayansa. Da na gama ya ce akwai abin da na bari. Ya ce in rubuta cewa shi ma wata biyar bai taɓa buɗe ajiyar ya duba da idonsa ba, ya ga an rubuta an gama lafiya ya yarda, kuma wannan nasa ne, kada in haɗa da nawa in ɗauke. Na ce ai ni na rubuta wa manhajar ta faɗi haka. Ya ce ya sani, in dai rubuta. Ga shi na rubuta, don shi ya ce. Sannan ya tambaye ni ko ƙafar tawa ta yi sauƙi, ya ce in Allah ya kai mu bayan damina zai zo ya kwana biyu.